Gwandar Baba Garuba

Duk Zongon Lome ba wanda bai san kirarin Baba Garuba ba. Mota ta kife da shi a hanyar Sokode, ya fito yana kaɗe riga. Kwalara ta kwashe rabin layinsu, ta tsallake shi. Shekara sittin bai sha azumi ko ɗaya ba, kuma ko ba a tambaye shi ba zai faɗa.

Sai ga wata likita, sa'ar jikarsa, ta ɗaura masa abin awo a hannu ta ɓata fuska.

"Baba, tansiyon ɗinka ya hau, hawan jini ke nan. In bai sauka nan da wata biyu ba, bana ban yarda ka yi azumi ba. Ka sha magani, ka rage gishiri da tsire, ka riƙa cin 'ya'yan itace."

"Ni? Abincin birai?"

'Yarsa Safina ba ta yi musu da shi ba. Kullum in ta taso daga rumfarta ta atamfa a kasuwar Asigame, sai ta zo da gwanda, abarba ko lemo, ta yanka ta ajiye masa tare da ƙwayar maganin. Yana ci, amma sai ya sakaya ƙofa. A majalisa kuwa ya riƙa sakace haƙori, don amininsa Alassani mai tsire ya ɗauka nama ya ci. Tsakani da Allah tsoro yake ji. In aka gan shi da kofin shayi da rana tsaka cikin Ramadan, da wane baki zai sake magana?

Ranar komawa asibiti ya hau zemijan, babur ɗin haya. A kan bencin jira wa zai gani? Alassani, da leda a cinya, kan abarba ya leƙo.

"Kai, tsohon banza! Na wane ne wannan?"

"Na jikata ne," in ji Alassani.

"Ni ma gwandar da ake kai gidana ta Safina ce."

Dariya ta hana su ƙarasawa.

Likita ta auna Baba Garuba, ta sake aunawa. "Ya sauka, Baba. Ka yi azuminka, zan canza maka lokacin shan magani. Amma gwanda ba fashi."

Baba Garuba ya miƙe yana kaɗe riga. "Alhamdu lillahi. Ai dama na gaya miki, 'yata, jinina ba irin na kowa ba ne."

Yana fitowa ya miƙa wa Alassani hannu. "Yanko mini abarbar jikar taka."