Kalmomi Goma Sha Biyu

Tun da mahaifin su Auta ya rasu, duk abin da yake da daraja a gidan a wurin Kawu yake kwana. Takardar gida, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, har 'yan kunnen zinaren Umma, duk suna cikin akwatin ƙarfen da ke can ƙuryar shagonsa na kayan gini, bayan gwangwanayen fenti. Kawu yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba a taɓa jin ko allura ta ɓata a hannunsa ba. Shi ya sa ranar da Auta ta samu abin ajiya nata na kanta, ba ta tsaya wani dogon tunani ba.

Auta tana aiki a wani ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwa, ita da kwamfuta ɗaya da injin kofi mai yawan cin takarda, sai fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Tabaranta mai kauri ne, ba ta son haɗa ido da mutane, in babu mai aiki kuwa littafi ne a cinyarta. Shekara biyu ke nan tana harkar kirifto, kuɗin nan da ke zaune a cikin waya, ba a ganinsa ba a taɓa shi. Da dangwale ta fara, ana ta taɓa fuskar waya ana tara maki har yatsa ya yi tsami. Da abin ya fashe, makin ya zama kuɗi, sa'o'inta suka canja wayoyi, ita kuwa ta zauna ta karanci yadda ake saye in farashi ya sauka, a sayar in ya tashi. Sannu a hankali ta haɗa kuɗin shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya. Wata mai kamawa za a buɗe rajista.

Asusun kirifto yana da mabuɗi, kalmomi ne goma sha biyu na Turanci a jere. Ko wayarka ta faɗa rijiya, da su za ka dawo da dukiyarka a wata wayar. Wayar Auta kuwa batirinta ya kumbura, kullum cikin fargaba take. Don haka ta rubuta kalmomin da hannunta, ta sa a ambulan, ta manne bakinsa da jan salatif na shago, ta nufi wurin Kawu.

"Kawu, ajiya na kawo."

"Wasiƙar saurayi ce?"

"Kai, Kawu!" Ta rufe fuska da gyale. Sai da ya gama dariyarsa sannan ta yi masa bayani, tana in'ina. "Don Allah kada kowa ya gani. Duk wanda ya san abin da ke ciki, kuɗin ya zama nasa. Ba sai ya riƙe takardar ba, ya ji kawai ya isa."

"Ya ji kawai?" Kawu ya juya ambulan ɗin gaba da baya. "Ikon Allah. Kuɗin da ake ɗauka da kunne." Ya girgiza kai, ya buɗe akwatin, ya sa shi a kan takardar gida. "Ni dai ba na son shirmen nan, kin sani. Amma ajiya ajiya ce."

A lokacin ne zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ya ƙarato, maganar kirifto kuma ta raba kasuwar gida biyu. Kawu ya tsaya takara a kan cewa in ya hau, za a hana karɓar kirifto a kowane shago. Abokin karawarsa mai gyaran waya ne, ana ce masa Injiniya, shi kuma cewa yake a bar kowa ya karɓi abin da ya ga dama. A bencin ƙofar shagon aski gardamar ba ta ƙarewa. Wasu su ce caca ce aka canja wa suna, wasu su ce ai kuɗin takardar ma kullum ramewa yake a aljihu ba wanda ya kira shi caca. Auta ce ke buga wa ɓangarorin biyu fasta, ba ta taɓa sa baki ba. Sai dai in Injiniya ya zo yakan rage murya ya ce, "Ke ai tamu ce, mun sani," ita kuma ta ji wani ɗan daɗi da ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar zaɓe aka taru da rana a babban ɗakin da ke saman layin shaguna. Sakataren ƙungiya idonsa ya yi rauni, sai aka roƙi Auta ta rubuta abin da aka tattauna. Ta bar wayarta a shago tana caji, ta zauna a gefen tebur da biro biyu, ko ɗaya zai ƙi yi.

Injiniya ne ya fara. "Iyayena, abin da kuka ajiye bara, me yake sayo muku bana? Ranar da aka ce babu tsabar kuɗi, wa bai wuni a layi ba? Wasu can sama su zauna su sa hannu a takarda, mu mu tashi da rabin jarinmu. Wannan kuwa ba mai rufe maka shi. Abin da suke tsoro ke nan, kada talaka ya riƙe nasa ba da izininsu ba."

Matasa suka ɗauki tafi. Wata dattijuwa mai sayar da kwanuka ta ɗaga murya, "To ɗan nan, in na ba da canji da wayar, wa zai ƙirga mini?" Aka yi dariya, amma ko ita da ta zauna sai da ta gyaɗa kai.

Kawu ya miƙe. Ya yi maganar amana, ya ce yau in wani ya cuci wani ƙungiya ce ke zaunar da su, gobe in an cuce ka a waya rigar wa za ka kama? Maganar tana da ma'ana, Auta ma ta rubuta ta da kyau. Amma ɗakin ya riga ya karkata. Daga baya ana ta ƙus-ƙus, wani ya yi hamma da gangan. Auta ta ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi, ta ga ya dubi layin matasa ya dubi na dattawa kamar mai auna kaya. Sai ya sa hannu a aljihun gaba.

Jan salatif ɗin ta fara gani.

"Kuna son ku ga dukiyar da ake muku wa'azi a kai?" in ji Kawu. "Ga ta. Ta 'yar ƙanwata ce, ga ta nan zaune. Shekara biyu tana wahala, ga abin da ta tara." Ya yage bakin ambulan ɗin.

Auta ta miƙe, biron ya faɗi. "Kawu..." Muryar da ta fito ko ita da kyar ta ji ta. "Kawu, don Allah."

"Zauna, Auta, manya na magana."

Ta zauna. Abin da ya fi ci mata rai daga baya ke nan, cewa ta zauna.

Ya nisanta takardar da idonsa, ya karanto ta farko da Turancinsa na rasit, ya tambayi ma'anarta. Wani ya ce cokali. Dattawa suka kwashe da dariya. Ta biyu kogi, ta uku giwa. "Cokali, kogi, giwa!" in ji Kawu. "Jama'a, da wannan za a sayi siminti?" Mai kwanuka har da share hawaye.

Amma bayan ɗakin ya yi tsit. Auta ta waiga. Matasan nan masu tafi ɗazu, waɗanda suka san sarai mene ne ake karantawa, duk kawunansu a sunkuye, manyan yatsu na motsi a kan wayoyi. Ta nemi idon Injiniya. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya dubi mutanensa, ya mayar ya rufe.

"Baba, ta bakwai ba mu ji ba!" wata murya ta ce daga can baya. "Faɗo haruffanta!"

Kawu ya faɗo su, ɗaya bayan ɗaya.

Yana kan ta tara Auta ta fita da gudu. In ta riga su, za ta iya mayar da kuɗin wani sabon asusu. Ta sauka matakala bibbiyu, takalminta ɗaya ya cire ba ta tsaya ba, ta ratsa tsakanin masu kura, ta isa shago. Da kyar kwaɗon ya buɗu. Wayar kuma ta mutu a kan cajin kamar yadda ta saba, sai da ta kunna ta, ta tsaya tana kallon tambarinta yana haske a hankali, tana cewa, "Yi sauri, don Allah yi sauri." Da asusun ya buɗe, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Babu komai. An kwashe kuɗin minti biyu da suka wuce, zuwa wani dogon jerin lambobi da haruffa da ba shi da suna ba shi da fuska.

Ba ta san abin da ya mayar da ita ɗakin taron ba. Wataƙila ta ɗauka in Kawu ya ji, zai sa a rufe ƙofa a duba wayoyi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ce, "An kwashe. Kawu, an kwashe duka."

Kawu bai firgita ba. Abin da ta lura da shi ke nan. Ya juya ga jama'a a natse, kamar wanda saƙon da yake jira ya iso.

"Kun ji da kunnenku. Ban taɓa wayarta ba, ban fita daga ɗakin nan ba. Magana kawai na yi, dukiya ta tashi. To Injiniya, ga 'yarku an cuce ta. Wa za mu kama?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannu aka ƙirga, Kawu ya ci da rata mai yawa.

A gida Umma ta rungume ta, ta yi kuka tare da ita, sannan ta ce, "Yayana ne, Auta. Bai san abin zai kai haka ba." Auta ta tuna yadda ya juya ambulan ɗin a hannunsa yana cewa kuɗin da ake ɗauka da kunne. Ba ta gaya wa Umma ba.

Washegari da hantsi Injiniya ya leƙo shagon. Ya rantse ba shi ba ne, ta yarda. Ta tambaye shi me ya hana shi cewa a dakata. Ya sosa ƙeya ya ce abin ne ya zo da sauri, kuma ai ita ma ta yi ganganci, wa ke ba tsoho mabuɗinsa? Ya tafi ba sallama.

Bai daɗe da fita ba Kawu ya shigo, da sabuwar hula. Ya ja kujera ya zauna ƙarƙashin fankar.

"Har yanzu fushi ake? Wata rana za ki gode mini, na raba ki da caca. Makarantar nan kuma in ba bana ba, akwai baɗi." Ya ciro ambulan ɗin, an mayar da jan salatif an liƙe, ya ajiye a kan injin kofi. "Ga ajiyarki. Duba da kyau, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Ni ba a ba ni abu ya salwanta." Sai ya miƙo wata takardar. "Wannan kuma godiya ce ga 'yan kasuwa, a buga mini da manyan baƙaƙe."

Auta ta buɗe ambulan ɗin. Rubutunta ne, tsaf, goma sha biyu cif. Cokali, kogi, giwa. Ta ninke ta jefa a kwandon da take zuba takardun da inji ya lalata.

"Za a buga, Kawu," ta ce. "Amma in na tashi zan biyo shago. A fito mini da sakamakon jarrabawata da takardar haihuwata."

"Me za ki yi da su?"

"Zan riƙe abina."

"A gida? Inda ɓera zai ci?" Ya yi dariya, yana jira ta taya shi. "Ke Auta, ni kike gaya wa haka? A ina za ki samu wurin ajiya kamar nawa?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, har sai da dariyar ta tsaya da kanta.

"Ƙarfe huɗu zan zo, Kawu," ta ce. Ta ɗauki takardar godiyar tasa, ta juya wajen kwamfuta, ta fara bugawa.