Baƙin Ɗigo a Kyamarar Auta

Tun ranar da aka binne Baba Nomau babu wanda ya sake yarda ya tsaya gaban kyamarar Zakiyya a unguwarsu ta Gazawa. Tsoho ne tukuf, ya ga jika ya ga tattaɓa-kunne, amma mutane ba tsufansa suka duba ba. Hotonsa suka duba, wanda Zakiyya ta ɗauka da kaka yana zaune a gindin rumbu. A tsakiyar goshinsa akwai wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga tawada. Da aka binciko sauran hotunan da ta ɗauka tun daga lokacin, sai ga ɗigon a goshin wannan, ga shi a farar hular wancan. Kafin a yi sadakar bakwai magana ta gama gari: kyamarar ɗiyar Tahiru tana sa wa mutane alamar tafiya.

Shi Tahiru manomi ne, kuma Allah ya yi shi da zulumi. In hadari ya haɗo yana tsoron iska, in bai haɗo ba yana tsoron fari. Zakiyya ce autarsa. Ta gama lakol, makarantar boko, a Agiye ta dawo gida ta zauna ba aiki, har wanta Mudassir ya aiko mata da kyamara ta hannu daga Maradi. Da ita ta samu abin yi, yau suna, gobe biki, ana kiranta har ƙauyukan bakin iyaka. Tahiru bai taɓa faɗa da baki ba, amma in ya ga ta rataya jakar ta fita, tuwo ya fi yi masa daɗi.

Sai ga saƙo daga gidan Alhaji Maikuɗi, mai safarar wake, wanda aka haifa wa jika. Tun da ciki ya yi wa Zakiyya alkawarin hoton suna. Yanzu ya ce ta zo ta ci tuwo, amma abin nan ta bar shi a gida. Tahiru ya san in gidan Maikuɗi ya rufe mata ƙofa, to Gazawa ce ta rufe.

Jaye, taubashinsa, bai bar shi ya sha iska ba. Suna fitowa daga masallaci ya ce, "Taubashi, ara mini makashiyar nan taku mana. Ɓeraye sun dame ni a rumbu, in je in ɗauke su hoto ko na huta."

"Allah shi shirye ka, Jaye."

"Amin. Kai fa, ta ɗauke ka?"

Tahiru ya yi gaba abinsa, don gaskiya tun rasuwar yake kewaye tsakar gida in ya ga jakar a rataye.

A gida ya tarar da Zakiyya idanu sun yi ja. Ta ce, "Baba, wallahi datti ne. Na goge gilashin har hannuna ya gaji, ya ƙi fita. Duba ka gani." Ta juya ta ɗauki bangon ɗaki mai farar ƙasa, ta nuna masa. Ga ɗigon nan zaune a inda ya saba zama. "To bango ma mutuwa zai yi?"

Tahiru ya dubi bangon, ya tuna da tsagar da bangon ya yi bara. Can ya ce, "Auta, shirya. Agiye za mu."

Suka hau kabu-kabu har shagon Sharifu mai gyaran waya, a bakin titin kwalta. Sharifu ya murɗe gilashin gaba ya cire, ya danna wani wuri, madubin ciki ya ɗage. Ya haska 'yar fitila. Can ƙarshe akwai wani ɗan faranti mai sheƙi kamar fiffiken ƙwaro.

"Nan hoto ke sauka," in ji Sharifu. "Duk abin da ya kwanta a kansa, sai ya fito a kowane hoto, a wuri guda. Ƙanwata, kin taɓa cire gilashin a waje?"

Zakiyya ta yi tunani. "Sau ɗaya. Wajen sussuka, mata suna shiƙa."

Tahiru ya sunkuya ya ƙura ido. Sai ya ga abin, ɗan ƙaramin sili mai ruwan ƙasa. Ƙaiƙayin gero! Abin da ya shiga idonsa da wuyan rigarsa tun yana yaro, shi ne ya hana shi barci? Daɗi ya kama shi. Ya yi bisimilla, ya cika kumatu zai hure shi kamar yadda ake hure ƙaiƙayi daga ido.

Sharifu ya kife kyamarar a ƙirjinsa. "Baba, a'a! Ka rufa mana asiri. Yawu ya fi ƙaiƙayi ɓarna. Ba a hura shi da baki, ba a sa yatsa, ba a sa gefen riga."

"To da mi?"

"Busasshiyar iska. Akwai wata roba kamar ƙwai, mai siririn baki, ana matsa ta tana fitar da iska. Ni ba ni da ita. Ko ina da ita ma ba zan yi aikin a nan ba, dubi abin da manyan motoci ke watso mini."

Tahiru ya ce, "Kamar ƙwai, da baki siriri? Ai irin wadda uwarta ke zuƙe mata majina da ita ke nan tana jaririya."

"Haba Baba!" in ji Zakiyya, ta rufe fuska da mayafi.

Sharifu ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ita fa. Amma sabuwa, don Allah, ba ta majinar ba."

Suka biya farmasi, shagon magani, suka saya, suka koma Gazawa rana na tsaka.

Da Mariyama, uwar Zakiyya, ta ji cewa ƙura ce ba a so, sai ta karɓi aikin a hannunta. Ta kore kaji, ta yayyafa wa ɗaki ruwa har ƙasa ta kwanta, ta ɗaura wankakken gidan sauro, ta ce, "Ku shiga. Malam, cire rigar gonar nan tukun." Uba da 'ya suka durƙusa cikin gidan sauro da rana kata. Zakiyya ta tabbatar batir ya cika, kamar yadda Sharifu ya ja mata kunne, don kada madubin ya faɗo ana cikin aiki. Ta cire gilashin, ta ba uban kyamarar ya riƙe bakinta na kallon ƙasa, don abin da ya tashi ya faɗo waje.

"Baba, riƙe da kyau."

"Yi aikinki."

Ya ɗauke numfashi. Ta kai bakin robar kusa ba tare da ta taɓa komai ba, ta matsa, fus, fus. Ta mayar da gilashin ta ɗauki bango. Ɗigon yana nan, amma ya gusa gefe.

Daga waje Mariyama ta ce, "Tunda ya motsa ai zai fita. Aljani ba ya gudun robar majina."

Suka sake. Tahiru ya riƙe har jijiyar wuyansa ta tashi. Zakiyya ta ɗauki bango, ta duba, ta ƙara girman hoton ta bi shi lungu-lungu. Fari tas. Mariyama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan danga.

Bayan la'asar Tahiru ya sa farar rigarsa ya ja Zakiyya zuwa ƙofar gidan Maikuɗi, inda dattawa ke zaune kan tabarmi. Ya yi bayani, ya nuna robar, ya nuna hoton bango. Maikuɗi ya shafa gemu ya ce, "Malam Tahiru, mun ji. Amma bango ba shi da rai."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Tahiru ya san ƙaiƙayi ne, da idonsa ya gani, amma tsoro bai sake shi ba. Ya dubi Zakiyya, ta riƙe kyamarar da hannu biyu, ba ta roƙe shi ba. Ya jawo kujera tsakiyar fili ya zauna, ya tura hula baya.

"Auta, ɗauka."

Ƙas! Mutane suka yi caa a kan kyamarar. Wani ya ce, "Innalillahi, ga shi nan!"

Jaye ya kutsa ya dubi hoton, ya dubi Tahiru, ya sake duban hoton. Sai ya zo ya sa babban yatsa ya murje masa goshi da ƙarfi. "Kai jama'a, ku ji tsoron Allah! Tabon sallarsa ne, ga shi nan a goshinsa. Taubashi, ashe kana yi har ta yi tabo?"

Dariya ta ɓarke. Jaye ya ture shi ya zauna a kujerar. Da hotonsa ya fito Tahiru ya karɓa ya ɗaga sama. "Ku dubi goshi fes! Ba ɗigon kyamara, ba na sallah."

Maikuɗi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya gyara babbar riga ya ce a ɗauke shi shi ma, daga nan sai layi. Da ya gama kallon kansa ya ce, "Ɗiyata, ranar suna ki zo da sassafe, tun kafin a yanka rago."

"Amma kada ki ɗauki ragon," in ji Jaye. "Sai su ce ke kika kashe shi."

Tahiru ne ya rataya jakar a kafaɗarsa da za su koma, kuma bai bi ta lungu ba, ta tsakiyar kasuwa ya bi, yana amsa gaisuwa da ƙarfi.