Hoton Tsohon Layin Tasha

Tun da aka ɗauke tashar mota aka mayar da ita bakin sabuwar hanya, tsohon layin tsakiyar gari ya shiga halin ni-'yasu. Mai akwatuna ya rufe shago ya bi tasha. Gidan waya ya koma wurin ajiye siminti. Mai littattafai ya ture littattafan gefe guda ya jera bokitan roba. Kowa dai ya kama abin da zai fisshe shi, ban da mai hoto, wanda ya rantse ba zai sauya sana'a da furfura a kansa ba.

Shagonsa na nan yadda yake shekara talatin da suka wuce: labule mai zanen teku da jirgin ruwa, kujerar katako mai hannu, furen roba da ya koɗe, da mataji ɗaure da zare a jikin madubi don kada wani ya wuce da shi. Yanzu sai ɗan hoton fasfo yake samu, wani yinin biyu, wani yinin ko ɗaya. Duk wannan bai tsaya masa a rai ba kamar shagon da ke fuskantarsa a tsallaken titi.

Shagon mai rediyo ne, abokinsa na ƙut-da-ƙut. A wata ɗaya suka buɗe, a benci ɗaya suke cin abincin rana. Da gyaran rediyo ya mutu, mai rediyo ya tafi birni ya yi wata uku yana koyon gyaran wayar hannu, mai hoto kuwa ya yi masa dariya har da riƙe ciki. Yau ga shagon can ya sha gilashi da fenti, mutane na shiga suna fita, har sunan mai shi ya koma Injiniya. Injiniya fa! Mutumin da mai hoto ya sani yana lasar batir da harshe don ya ji ko da sauran wuta.

Hassada ce, ba sai an saka mata wani suna ba, kuma ta ci shi ƙwarai. Abin haushin ma, wayoyin nan da ake gyarawa a can su suka kashe masa kasuwa. Ya daina zuwa benci, ya ce bayansa ke ciwo. Sai ya ɗaga gefen labule ya yini yana leƙe.

"Malam," in ji matarsa wata rana da ta kawo masa abinci, "kai da ka ce ba ruwanka da shagonsa, ya aka yi ka san mutum goma sha bakwai suka shiga tun safe?"

"To in ƙwaƙule idona?"

"A'a, bar su, ka ƙirga na yamma da su."

Ana nan sai masu shagunan layin suka haɗa kai, suka ce filin tsohuwar tasha ba zai zauna awaki na kwana a ciki ba. Za a yi masa rufi, a jera rumfuna, a riƙa cin kasuwa a ƙarshen mako ko mutane sa dawo tsakiyar gari. Wa aka naɗa shugaba? Ba sai an tambaya ba.

Da hantsi Injiniya ya tsallako titi da kansa, ya zauna a kujerar nan mai hannu.

"Mutumina, ka tuna hoton da ka ɗauka daga bakin ƙofarka, wanda ya kama layin nan kaf? Shi muke so a buga babba a kafa a mashiga, da sunanka a ƙasa. Don Allah ka nemo mini shi."

Nemo mini, wai. Mai hoto ya ce zai duba.

Yoyon rufi ya daɗe da lalata tsofaffin fim ɗinsa, sai a ƙasan wani kwali ya tarar da kwafi ɗaya tak, bai fi tafin hannu ba. Ga tasha cike da motoci, ga gidan waya da tutarsa, ga masu kaya a kai. A gefen dama kuwa ga shagon mai rediyo da allonsa sabo fil, ya fi komai fitowa. Nasa shagon babu ko alamarsa, don a ƙofarsa ya tsaya ya ɗauka. Wato ko a hoton da ya ɗauka da hannunsa, shagon wancan mutumin za a riƙa nunawa da yatsa. Rana guda ce ta rage masa a layin nan da za a kira sunansa, ita ma sai an raba da shi?

Ya ɗora hoton a kan allon da yake datse gefen fasfo, ya sauke wuƙar. Hannu ne da ya yi shekara talatin yana wannan aiki, yankan ya fita sumul kamar haka aka wanke shi. Ɗan ɓallin da ya faɗo bai ko dube shi ba, ya jefa a kwandon sharar da ake ƙonawa kullum a ƙarshen layi. Sauran hoton ya ba wani direba ya kai birni a buga babba.

Ranar buɗe kasuwa aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton, wuri ya ɗauki tafi. Tsofaffi suka matso suna nuna inda suka taɓa tsayawa, mai littattafai har da share hawaye. Aka yi ta ba mai hoto hannu, ana cewa ai shi ne ma'ajin tarihin garin nan. Rabon da ya ji irin wannan daɗi har ya manta, kansa ya kumbura suntum.

Injiniya ne kaɗai bai tafa ba. Yana tsaye a ƙarshen hoton ta dama, tare da babbar 'yarsa da ke aure a wani gari, yana shafa bakin firam da yatsa.

"Mutumina, a wajen bugu aka ci gefen nan?"

"Ai dole a daidaita hoto da firam," in ji mai hoto, yana kallon wani wuri. "Aikin masu sana'a ne."

"Haka ne, ka fi ni sani. To ba komai, ara mini na asalin in nuna wa yarinyar nan." Ya rage murya. "Mahaifiyarta na tsaye a ƙofar shago ranar, tana goye da ita. Ka san marigayiya ba ta yarda a ɗauke ta hoto, wannan ma ba ta san ka ɗauka ba. Tana shekara biyu uwar ta rasu, ba ta san kamanninta ba. Na sha niyyar roƙonka, sai in ji ba zan iya kallonsa ba. Da na gaya mata a waya, kwana biyu ta yi a mota."

Mai hoto ya waiga ƙarshen layi, inda ake ƙona shara. Hayaniyar kasuwar duk ta yi masa nisa.

'Yar ta ɗan rusuna ta gaishe shi, fuskarta cike da fara'a.

"Baba, yana shago ko? Mu je in gani, ba zan taɓa da hannu ba ma."

Ba ta jira amsa ba. Ta gyara mayafi ta tsallaka titi da sauri, ta tsaya a bakin ƙofarsa tana jiran ya zo ya buɗe.