Kare ko Ƙare

Ranar Lahadi jikata Zarah ta zo flat ɗina na unguwar Woolwich da kwamfuta a hammata. Tun rasuwar matata Jamilatu ba mai hawo min bene sai mai buƙata. Ita buƙatarta in duba mata babi na uku na kundin digirinta kafin ta miƙa ranar Juma'a. Babin a kan Barde Nata'ala ne, kakan mahaifina, da yadda ya ja mayaƙa a basasar Kano.

"Kaka, sai dai ka yi haƙuri," ta ce. "Mutumin naka butcher ne."

"Mahauci a gidanmu? Karanto mu ji, amarya."

Ta nuna min hoton wata takarda da ta samo a laburare, wadda wani akawun zamanin Turawa ya buga da tafireta daga bakin tsofaffi. Ta ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: Barde ya kare mutanen garin. Ta fassara cewa ya hallaka su kaf, ta gina shafi tara a kai.

Ban yi gaggawa ba. Na shekara arba'in ina karatun yaƙe-yaƙe, na san Barde ba gwani ba ne. Ya fita da damina ba guzurin kirki, ya raba rundunarsa biyu a gaban abokan gaba, aka koro shi daga bakin rafi ko azahar ba a yi ba. Duk na faɗa mata, tana rubutawa da murna.

Sannan na ce, "Tafiretar akawun nan tana da ƙa mai lanƙwasa?"

"Kamar ya?"

"Dubi ƙofa, ya buga kofa. Kare da ƙare duk ɗaya ne a wurinsa. Ke kika zaɓa masa."

"Kai ma zaɓa kake yi, Kaka. Ai naka ne."

Wannan ta burge ni, amma ban nuna ba. Na ce ta juya shafi. Ta karanta da Hausarta ta Thamesmead, unguwar da ta tashi, tana tuntuɓe: ya tsaya a ganuwa kwana goma sha tara har suka shigar da gero rumbu.

"A jami'arku matattu na girbi?"

Ta sake karanta layin. "Nine pages, Kaka."

"Allah ya ji ƙansu."

Ta goge su a gabana, sannan ta ɗago. "To yanzu me zan ce a kansa?"

"Rubuta cewa bai iya yaƙi ba, kuma ba a ci garinsa ba."