Kaset na Ashirin da Tara

Ranar da Malama Nana Khadija ta fara yin sallama a zaurena, da ƙarya na tare ta, ban ko yi gyaran murya ba.

Ta ce daga jami'a take, tana tattara waƙoƙin ƙanena marigayi Sabo, wanda yanzu gari ke kira Sabo Mai Gurmi. Waƙa tara kacal aka samu, in ji ta, daga kaset uku. Ta ji an ce sauran suna hannuna.

"Suna nan," na ce mata. "Sai dai an yi ta gyaran gida, kaya sun hau kan kaya. Ki ba ni mako biyu in nemo."

"Baba, ko wata biyu ne zan jira," ta ce, har da ɗan rusunawa.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona, bai kai taku goma daga inda take zaune ba. Shekara ashirin yana nan, kuma na san abin da ke cikinsa sarai.

Sunana Abdulmalik, tsohon hedimasta ne ni. Gidanmu a Goron Dutse gidan malamai ne, a wannan zauren mahaifinmu ya karantar har ya rasu. Mu biyu ne maza. Ni na yi boko na haɗa da na allo, ina da baki, ina da faɗa, ba a taka ni in yi shiru. Sabo kuwa kamar ba ciki ɗaya muka fito ba. Wankin hula ya kama a wata 'yar rumfa kusa da Ƙofar Mazugal, ya jera kawunan itacen nan da ake ɗora huluna a kai su bushe, ya wuni tsakaninsu. Nakan tsokane shi in ce su ne abokan hirarsa, tunda ba sa tambaya. Mutum ne da idan mace ta kawo hular mijinta, ƙasa zai kalla har ta tafi. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu, bai sake ba.

Ban san inda ya koyo gurmi ba. Na dai wayi gari na ji wani ɗan sauti yana fitowa daga ɗakinsa na soro bayan la'asar, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada barci. Na tura ƙofa na same shi ya fuskanci bango, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofar, yana kaɗawa yana waƙa. Rakodar da ke gabansa ma tsarabata ce ta Makka, na kawo masa don ya riƙa jin karatu.

"Sabo, roƙo ka fara?"

"A'a, Yaya. Ba na ambaton kowa."

"Ko ba ka roƙa ba, duk wanda ya gan ka da wannan ƙwaryar maroƙi ya gani. A zauren Malam? Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Ya lulluɓe gurmin da zani, ya kashe rakodar. Gaskiya ne ba ya ambaton kowa. Bai taɓa zuwa biki ko suna da shi ba, bai taɓa wasa wani mai kuɗi ba. Waƙar kududdufin unguwarmu da aka cike yake yi, da ta dutsen niƙan mahaifiyarmu, da ta hulunansa. Duk wannan daga baya na sani, a bakin mutanen waje. A lokacin ni dai in na ji sautin sai in buga ƙofar da ƙafa in wuce, sai ya yi shiru.

A watan Sha'aban ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. A daidai lokacin an sa ranar auren 'yata Zaituna bayan ƙaramar Salla, dangin mijin kuwa suna tsakiyar bincike. Kowa ya san yadda ake yi a birni: a aiko dattawa su zaga unguwa suna tambaya a hankali, su wane ne mutanen gidan, mene ne asalinsu, wace sana'a suka gada, akwai abin da ake faɗa a kansu? Gidan da za ta shiga gidan alƙalai ne, masu ji da kansu. Kalma ɗaya ta ishe su, a ce ƙanen uban yarinya makaɗi ne.

Da aka yi sadakar bakwai na shiga ɗakinsa. Gurmin na ba wani baƙo da ya zo wucewa. Sai akwatin ƙarfe, cike da kaset, kowanne da rubutun Sabo na ajami a jiki. Na ƙirga ashirin da tara. Ban iya ƙona su ba, hannuna ya ƙi. Sai dabara ta zo mini, irin wadda take zuwa da rawani a ka: azumi ya kusa, gidan rediyo zai riƙa sa tafsiri kullum da hantsi. In na naɗi tafsirin a kan waƙoƙin, ai na sauƙaƙa wa mamaci nauyi, na kuma mayar masa da su sadaka. Haka na faɗa wa matata, haka na faɗa wa kaina. Ta ce Allah ya ba da lada, na ce amin.

Sabo ya karya 'yan kunnuwan da ke saman kowane kaset, waɗanda idan babu su rakoda ba ta yarda ta naɗi wani abu a kai. Na zauna na nannaɗe takarda na toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Kullum kaset ɗaya, gaba da baya, in tafsiri ya ƙare in bar shi ya ci gaba da naɗar duk abin da ya biyo har ya tsaya da kansa. Ban saurari ko ɗaya ba kafin in danna. Akwai wanda aka rubuta wa "Yaya" a jiki. Shi na yi ta turawa ƙarshe, don na tabbata zambo ne ya yi mini, habaicin mai buga ƙofa da ƙafa. Ranar jajiberin Salla na cusa shi na naɗi gaba, na juya baya na danna, na fita. An yi bikin Zaituna lafiya, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ban sani ba, Turai mai waina, tsohuwar da ke maƙwabtaka da rumfarsa, ta ari uku tun yana raye. Ita kaɗai yake bari ta ji. Bayan rasuwarta shekara biyu da suka wuce, jikanta Nazeer mai gyaran waya ya tsince su a cikin kayanta, ya juye su, ya sa a intanet. Kafin wata uku, ba adaidaita sahun da za ka shiga ba ka ji muryar ƙanena ba:

"Hular mai kuɗi, hular talaka,
Kwano ɗaya na jiƙa su,
Dauɗar duk iri ɗaya ce."

Na fara jin ta ne a bakin Ƙofar Kabuga, a wayar wani mai sayar da lemo. Dattawa suna jin waƙar kududdufi suna share ido, samari suna cewa ba a taɓa irinsa ba. Malaman jami'a suka ce ga mawaƙin da bai roƙi kowa ba. Ashe abin da na kira abin kunya shi ne abin yabon.

To a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Gidan rediyo suka aiko, na ɗauko babbar rigata ta Salla na tafi. Aka tambaye ni yaya marigayi yake a gida, na buɗe baki na ce tun yana ƙarami na ga baiwar a jikinsa, ni ma na saya masa rakodar da ya yi aikin da ita. Rabinsa gaskiya ne, shi ya sa ya fito da santsi. Daga ranar sunana ya koma yayan Sabo Mai Gurmi. A masallaci ana matsa mini a sahun gaba. Har surukin Zaituna, wanda saboda shi na yi ɓarnar, ya aiko a gaishe ni, wai ashe jikokinsa jinin babban mutum ne. Na amsa gaisuwar, na kuma ji daɗinta. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna.

Mako biyu suka cika, Malama Nana Khadija ta dawo da hantsi, ɗauke da wata rakoda da igiyoyi da kwamfuta. Na yi tunanin in ce ɓera ya cinye, ko ruwa ya shiga. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na gaji. Na shiga na jawo akwatin na ajiye a gabanta.

Yadda fuskarta ta yi haske, da ma mari ta yi mini. Ta iya ajami, ta riƙa ɗagowa tana karantawa. "Waƙar Rijiya. Waƙar Mai Jaki. Inna. Baba, kun san abin da kuka adana wa Hausawa kuwa? Allah ya saka muku da alheri."

Nan ya kamata in yi magana. Ni da na yi shekara talatin ina tsayar da yara a gaban taro ina cewa mai laifi ya fito da kansa, sai na sunkuyar da kai na bar ta ta sa na farko.

Muryar mai jan baƙi ta cika zauren, malam ya biyo da fassara. Ta yi 'yar dariya ta ce wataƙila an sauya kwali. Ta sa na biyu. Ta sa na uku. Na huɗun ba ta sa ba, ta juya shi ta duba sama, ta sa farce ta zaro 'yar takardar da ta yi ja don tsufa. Ta warware ta. Gefen takardar jarrabawa ce, da hatimin makarantata.

"Baba," ta ce a hankali, "wa ya toshe wannan?"

"Ni ne."

Na faɗa mata duka, da bincike, da azumi, da ladan da na ce ina nema masa. Na ce mata ba don kabarinsa na yi ba, don fuskata na yi. Na ce abin da na faɗa a rediyo ma ƙarya ce, ban taɓa zama na ji waƙarsa ɗaya ba yana raye, ƙofa nake bugawa. Ina magana ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar sa'ar Zaituna ce, ga ni da furfura ina ba ta wannan labari.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta dubi akwatin ta ce za ta bi ƙarshen kowanne, wani lokaci akan samu ɗan abin da ya tsira. Ta yi ta bi har aka kira azahar, muka yi salla, ta ci gaba. Babu komai sai tafsiri da sanarwar rasuwa da tallan magani. Na yi aikina da kyau, kamar yadda na saba.

Ya rage ɗaya a gindin akwatin. Ta ɗago ta karanta, ta dube ni.

"Wannan an rubuta Yaya."

"Zagi ne," na ce. "Kuma na cancanta. Sa."

Ta juya bayansa ta tura gaba. Wani mai sanarwa yana cikin maganar duban wata sai muryarsa ta yanke ƙat. Nan na tuna, ranar jajiberin an ɗauke wuta ina waje, na dawo na zare kaset ɗin ban duba ba. Aka yi ɗan shuu. Sai gurmi, ƙasa-ƙasa, irin na mai tsumma a ƙasan ƙofa.

"Ran da ruwa ya ci hanyar makaranta,
Yaya ya goya ni, allona a kansa,
Ya ce rufe ido, mun kusa."

Ya kaɗa sau biyu ya tsaya. Ya yi ɗan tarin nan nasa. Sai ya yi magana, kamar mai ba bango haƙuri:

"Iyakarta ke nan. Wannan ta Yaya ce. Bari dai a gama bikin Zaituna lafiya, in na samu ƙarfin hali sai in sa masa ya ji."

Rakodar ta yi ƙas ta tsaya.

Ashe ya san da binciken. Ya san abin da nake tsoro, yana jira ne ya wuce. Na tuna ranar ruwan kuwa, ina da shekara goma sha ɗaya yana da biyar, kududdufin ya cika ya malalo har ƙofar gidan Liman, yana kuka yana riƙe da wuyana har ina shaƙewa. Hawaye suka zubo mini a gaban baƙuwa, ban ko nemi ɓoyewa ba.

"Baba, kun san farkon waƙar?" ta tambaya. "Ko baiti ɗaya?"

"Ban sani ba, Malama. Ba wanda ya sani."

Ta buɗe littafinta ta ce dole ta rubuta bayanin yadda aka samu kaset ɗin da halin da suke ciki. Tana iya cewa sun lalace ne kawai, in na fi so.

"Rubuta cewa yayansa Abdulmalik ne ya shafe su da hannunsa, guda ashirin da tara," na ce. "Ki sa sunan gaba ɗaya, da hedimastan. In rediyo sun tashi, ki ce su zo, rigar tana nan."

Ta rubuta. Na tambaye ta tsawon abin da ya tsira, ta duba ta ce daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na matso kusa da rakodar, na ce ta mayar baya ta sake sa mini.