Rijiya Ta Bakwai

Mai Kwalba ta tsallake takalman masu gaisuwa da akwatin ƙanƙara a hannu, matan da ke tsakar gida suka bi akwatin da ido. Jiya da hantsi aka kai Baba Kafinta makwancinsa, maƙwabcinta ne na katanga ɗaya, ta kuma riga ta zo ta yi gaisuwarta. Yau aiki ne ya kawo ta. Talatar farko ce ta wata, ranar da take ɗibar ruwa a rijiyoyi goma sha biyu da ke kewaye da babban jujin gari, ta kai ɗakin gwaji a duba ko dattin da shara ke tsatsafowa ya iso su. Rijiyar Baba ce ta bakwai a takarda, takarda kuwa ba ta san an yi rasuwa ba.

"Yau ma?" in ji wata mata. "Haba baiwar Allah, ko kwana biyu ba a yi ba."

"Ku ƙyale ta," in ji Inna, matar marigayin. "Shigo, 'yar nan. Da yana nan da tuni ya fito da guga."

Shekara shida kenan haka suke yi. Baba da hannunsa ya haƙa rijiyar tun jujin yana gonar wani, kuma ba ya barin kowa ya ja wa Mai Kwalba ruwa sai shi. Guga goma ake zubarwa tukuna, don sabon ruwa ya ɓuɓɓugo, sannan a cika kwalba. Daga nan sai ya cika kofinsa na silba ya miƙa mata, yana cewa, "Sha, ki je ki gaya wa injinku ya ji kunya." Ita kuma ta shanye.

Watan jiya ta tsoma na'urarta a guga, lambar ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba. Da ya miƙo kofi, sai ta ce ta sha a gida. Bayan mako guda sakamako ya fito, babu kyau. Amma dokar ofis ita ce ba a gaya wa mai rijiya komai sai an sake ɗiba an tabbatar, don kada a tada hankalin unguwa a kan kuskuren kwalba ɗaya. Ta bi doka. Ta ma canza hanyar fita aiki don kada ta bi ta ƙofarsa. Shi kuwa bai tambaya ba, har ta ɗauka ta tsira. Sai ƙafafunsa suka kumbura, aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙoda ce da shekaru. Ko ruwan ne, ko ba shi ba ne, ba ta sani ba. Tun jiya take jiran kuka ya zo, bai zo ba, abin da take ji kawai nauyin akwatin ne a hannunta.

A bakin rijiya ta ga jikar Baba, 'yar shekara huɗu, ta kafa kai a kofin roba tana kwankwaɗa. Bakin Mai Kwalba ya riga dokar ofis.

"Inna, ruwan nan ba shi da kyau. Kada a ƙara sha. Mako uku kenan na sani."

Ta jira ihu. Inna dai ta zura guga, igiya na gudu a tafinta.

"Wanda take sha na famfo ne, daga bakin titi ake kawowa," in ji ta. "Matsa, kada ki jiƙa takardunki. Goma ne, ko?"

"Goma ne."

Inna ta jawo, ta juye a kwata, ta sake zurawa. Sai a guga na huɗu ta yi magana.

"Ranar da kika ƙi kofinsa, kina fita ya ce, yarinyar nan ta ga wani abu. Daga ranar ya hana mu duka, ko shayi ba a dafa da shi ba."

"Bai tambaye ni ba."

"Ya ce kada a takura miki, aikinki da dokarsa. In lokacin faɗa ya yi za ki faɗa."

"Shi fa, Inna? Ya daina sha?"

"Wa? Ai kin san shi. Ya ce shekara talatin rijiyar tana shayar da shi, ba zai juya mata baya da tsufa ba."

Mai Kwalba ta ɗauraye kwalba sau uku, ta cika, ta rufe, ta rubuta ƙarfe tara da minti goma. Ta sa kwalbar a akwati.

Inna ta shiga rumfar aikin Baba ta jawo wani faifan katako sabo ful, an goge shi sumul, da ƙarfen rataya kwaɗo a gefe. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Su biyu suka ɗora shi a bakin rijiyar, ya zauna daram kamar da shi aka haƙa ta. Inna ta danna kwaɗo, ta sa mata makullin a hannu.

"Ya ce ke za ki riƙe, saboda Talatarki."

Saura rijiyoyi biyar, ga ƙanƙara na narkewa. Mai Kwalba ta ɗauki akwatinta. Inna ta naɗe igiyar a kan sabon murfin, ta kife kofin silba a kai, ruwan igiya yana ɗiga yana baƙanta katakon.