Gyaran Karai Anacleto

"Sake karanto mini," in ji Karai Anacleto daga kan gado.

'Yarsa Liduvina ta gyara kwamfutar a cinyarta ta sake karantawa. Ina tsaye bakin ɗaki da kwanon romon kaza. Shekara talatin muna katanga ɗaya a garin Luque, na daɗe da daina tafa hannu a ƙofarsu, sallamar da ake yi a wurinmu, kafin in shiga. Mu nan Karai muke ce wa dattijo, dattijuwa kuma Ña.

"Likita ya ce a sha ƙwaya biyu bayan cin abinci, wannan shashashan ya fassara wai bayan an gama girki. Tsohuwa ta sauke tukunya ta haɗiye magani cikinta fayau, ko?" Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Gyara."

"Baba, ka sha romo tukuna."

"Gyara, na ce."

Shashashan da yake zagi aikinsu ne shi da 'yarsa: shafin intanet mai juya magana tsakanin Sifaniyanci da Gwarani, harshen da muke yi a gida da kasuwa. Bayan rasuwar matarsa abin ya samo asali. An sallame ta daga asibiti da takardar magani cikin Sifaniyanci, ta ji kunyar cewa ba ta gane ba, ta yi sati uku tana shan rabin abin da aka rubuta, shi kuma bai sani ba. Daga nan ya fara rubuta kalmomi a ƙananan katuna, malamin firamare ne mai ritaya, har ya cika kwalayen takalmi goma sha ɗaya. Da Liduvina ta gama karatun kwamfuta ta kwashe su ta ɗora a intanet.

Da farko shafin kalma da kalma yake fassarawa. Mu idan hankalin mutum ya kwanta cewa muke cikinsa ya zauna, sai na'urar ta shaida wa duniya cewa tumbin wani ya samu kujera. Unguwa ta yi wata guda tana dariya. Karai Anacleto bai yi dariya ba. Ya riƙa bi gida gida da littafi yana rubuta yadda mutane ke magana. Ni da nake gasa chipa, burodin rogo, ina kaiwa tasha, har faɗan da nake yi da mijina ya rubuta ta kan katanga.

Daga baya mutanen jami'a suka shigo, aka bai wa na'urar jimlolin ta koya da kanta, aka ajiye dokokin nahawun da ya yi shekara huɗu yana tsarawa. Ya yi fushi, sati biyu bai buɗe kwamfutar ba. Ran nan ya ji wata nas a wani ƙauye tana amfani da shafin wajen awon ciki, sai ya dawo. Kullum da hantsi yana zaune yana gyara abin da na'urar ta ɓata.

Yanzu ga shi huhu ya ƙi. Liduvina ta fita kiran likita, ya yafito ni da hannu.

"Ña Sinforosa, zauna. Saura jimla ɗari uku na asibiti ba a duba ba."

"To ai 'yarka tana nan."

"Ta iya na'ura. Gwaraninta na makaranta ne, an wanke an goge. Ke za ki duba."

"Ni? Karai, aji huɗu na tsaya. Ina ni ina wannan?"

"Aji huɗun ma ni na ga sakamakon, ba abin nunawa ba ne." Ya yi ɗan murmushi. "Amma kin san yadda mace ke faɗin inda ke mata ciwo ba tare da ta ambaci wurin ba. Za a karanta miki, ki ce haka ake faɗa ko ba haka ba. Shi ke nan."

"Kai dai ka warke ka yi abinka."

"Kada ki yi mini maganar 'yan dubiya. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Ya sha romon cokali uku, ya ce gishiri ya yi yawa.

Kwana shida muka yi a haka. Liduvina tana karantawa, ina amsawa, shi yana saurare ido rufe. Idan na yi daidai ya yi shiru, idan bai yarda ba ya ɗaga yatsa mu yi ta gardama har numfashinsa ya gaza. Sau biyu ya ce ni ce da gaskiya. Wata rana ya karɓi kwamfutar ya ce a ba shi wuri, zai rubuta wani abu da kansa.

Ranar Alhamis da tsakar rana muna kan jimla ta ɗari biyu da sha huɗu, na faɗi tawa, muka jira yatsan. Liduvina ta ce, "Baba?" Ta ajiye kwamfutar a ƙasa a hankali, ta kama hannunsa. Ni na rufe masa ido.

An binne shi kusa da matarsa. Nas uku suka zo daga nesa, ba wadda ta taɓa ganin fuskarsa. Bayan addu'ar kwana tara, da aka kwashe kujerun haya, Liduvina ta kira ni mu ƙarasa sauran. Tana buɗewa sai ta ci karo da abin da ya rubuta, saƙo ne ga masu jinya. Ta karanta mini: "Idan tsohuwa ta ce ta gane, ki sa ta maimaita miki, kuma kada ki kalle ta lokacin da"

Nan ya tsaya. Ɗan layin nan na allo yana ta ƙiftawa a gaban kalmar ƙarshe. Muka zauna muna kallonsa, har wani mangwaro ya faɗo kan kwanon rufi ya gangara tsakar gida.